Gargaɗi: mai naɗa fim ɗin 620 a Facebook ya ci mini sefa 110,000, baƙar takarda ya aiko mini

Jama'a, sefa 110,000. Ku sake karantawa, 110,000. Kuma wallahi ba kuɗin kaɗai ne ya hana ni barci ba yau kwana huɗu.

Daren Laraba ina tsaye a ɗakin Baffa, abokin marigayi mahaifina wanda ya yi shekaru yana wanke hoto a nan Garwa. Mun toshe taga da bargo biyu, mun cusa tsumma a ƙasan ƙofa, mun kashe fitila, wayata ma na bar ta a tsakar gida. Ina jin ƙarar takarda yana warware fim ɗin farko cikin duhu. Sai na ji ya tsaya. Can ya ce, "Ɗana, kunna fitila." Na ce Baffa ai fim zai ƙone. Ya ce, "Kunna kawai, babu abin da zai ƙone."

Na kunna. Abin da ke hannunsa takardar baya ce mai lambobi, sai wata doguwar baƙar takarda da aka yanka daidai faɗin fim, aka liƙa ta da salatif a inda fim ya kamata ya kasance. Takarda. Muka buɗe na biyu, takarda. Muka ɗauko takwas ɗin da ban taɓa ba, waɗanda ke naɗe cikin takardar azurfa, muka yaga ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila. Duk goma takarda ce. Sefa 8,500 kowane ɗaya. 85,000 na biya na sayi baƙar takarda.

Bari in koma baya, don na san masu cewa "ai kai ma ka yi sakaci" sun riga sun fara rubutu.

Kyamarar ta Baba ce. Kodak Six-20 Brownie, irin mai kamar akwati, ƙirar Ingila, a Kano ya saye ta tun yana saurayi yana fatauci. Hoto takwas take ɗauka a fim guda, kowanne santimita 6 da 9. Fim ɗinta shi ne 620, wanda Kodak ya fito da shi a farkon shekarun 1930 ya kuma daina yin sa a 1995. Na san wannan tun kafin in san da wannan macucin a duniya. Na kuma san cewa 620 da 120 fim ɗaya ne, faɗinsu ɗaya, wajen milimita 61, lambobin da ke bayan takarda ma ɗaya. Bambancin kwarkwaro ne kawai: na 620 ƙarfe ne siriri, kunnuwansa ƙanana, ramin da mabuɗin juyawa ke shiga shi ma ƙarami. Shi kuwa 120, wanda ya fito tun 1901, har gobe ana yin sa, amma kwarkwaronsa ya yi wa kyamarar Baba ƙiba, na gwada, baya ba ya rufuwa. To ni ba baƙo ba ne a wannan harka. Ba yaro ba ne. Shekara biyu ina karanta abin nan ina tambayar Baffa.

Da mutumin nan ya ce mini yana da sabon Kodak 620 daga kamfani, da nan take na gane ƙarya ce na toshe shi. Bai ce haka ba. Wannan shi ne abin da nake ta juyawa a raina. Kalmarsa ta farko, kuma tana nan a wayata, cewa ya yi: "Yaya, kada wani ya yaudare ka, Kodak ya daina 620 tun 1995, ni 120 nake saya in naɗe a kwarkwaron 620 da hannuna." Kada wani ya yaudare ka. Shi da bakinsa. Ya ce yana Duwala, amma iyayensa 'yan Ngaundare ne, Hausarsa tas, har yana tambayata zafin Garwa da lafiyar Inna.

Ya yi mini bayani a saƙon murya na minti shida. Ya ce ba a naɗewa kai tsaye daga 120 zuwa 620, don fim zai koma ta baya, lambobi su juya. Sai ka fara naɗe shi gaba ɗaya a kan wani kwarkwaro, sannan ka dawo da shi kan na 620, duk cikin duhu. Ya ce wurin da mutane ke ɓata aiki shi ne wutsiyar fim, domin kai ɗaya ne kawai yake liƙe da takarda, ɗaya kan a sake yake, idan ba ka lalubo shi da yatsa ka cusa shi tare da takardar ba sai ya tafi daban. Ya ce idan ka iso wurin salatif za ka ji ɗan tudu, sai ka ɓare ka sake liƙawa a hankali. Ya ma hana ni sayen fim mai saurin kama haske 400, ya ce kyamarar akwati gudu ɗaya gare ta, ranar Garwa za ta yi masa yawa, in ɗauki mai 100. Na kunna wa Baffa saƙon nan. Baffa, mai shekara saba'in da wani abu, ya saurara har ƙarshe ya ce, "Wannan ya san aiki." To ku faɗa mini, idan Baffa ya ce haka, ni wane ne?

Kuma ban tura kuɗi haka kawai ba. Wannan nake so ku ji da kyau. Na ce sai na gwada. Na sayi guda ɗaya, sefa 7,000. Ya iso ta ajans ɗin mota cikin kwana biyar, a kan kwarkwaron ƙarfe na gaske, mai ɗan tsatsa a kunne. Na sa a kyamara, na tafi bakin Binuwai da yamma, na ɗauki gada, na ɗauki masu wanki, na ɗauki ɗana a kan babur. Baffa ya wanke da maganin da ƙanena ya aiko mana daga Yawunde. Hoto takwas, shida sun fito raɗau. Na riƙe fim ɗin nan a jike ina duba shi da hasken fitila, hannuna yana rawa, don rabon da kyamarar nan ta fitar da hoto tun Baba yana da rai. A daren na kira mutumin nan ina masa godiya, ina sa masa albarka. Albarka na sa masa! Ya ce, "Yaya, ai mun zama 'yan uwa."

7,000 ɗin nan ita ce tsutsar da ya sa a ƙugiya. Yanzu na gane. Amma a lokacin wa zai gane? Fim na gaske ne, na gan shi da idona, yana nan rataye a ɗakina har yanzu.

Na tsallake maganar kwarkwaro, kuma ita ce ta fi ci mini rai bayan hoton Inna. Baba ya bar kwarkwaron ƙarfe huɗu, ɗaya a cikin kyamara, uku a cikin gwangwanin shayi tare da takardunsa. Mutumin nan ya ce na ƙarfe ya yi wuya, idan na aika masa nawa zai naɗa mini a kansu ya rage mini kuɗi, daga 10,000 zuwa 8,500. Na naɗe su a ƙyalle na kai ajans da hannuna. Uku. Na Baba. Kodak ba ya ƙera irinsu yanzu. Wannan ya faru kafin in tura 85,000 ɗin, a'a, rana ɗaya ne, da safe na kai kwarkwaro, da la'asar na tura kuɗi ta waya, ina da saƙon shaida. Sai bayan mako guda ya kira wai kayan fim ɗinsa da suka taso daga Faransa sun maƙale a duwan, wato kwastan, kowane mai oda ya taimaka da 15,000. Na ɗan yi jim. Gaskiya a nan zuciyata ta buga. Amma Babbar Sallah saura kwana goma sha biyu, 85,000 ɗina suna hannunsa, kwarkwaron Baba suna hannunsa. Na tura. Sai 3,000 kuɗin mota. Ku lissafa: 7,000, 85,000, 15,000, 3,000. 110,000 cif. Ni tela ne, ku tambayi kowane tela riga nawa zai ɗinka kafin ya ajiye 110,000 a gefe.

Da kayan suka iso, ana gobe jajibere, na buɗe guda ɗaya daga takardar azurfa na ga kwarkwaron roba ne na 120, an zagaye kunnuwansa da abin yanke farce an goge da takardar yashi. Na kira shi raina a ɓace, na ce ina na Baba? Ya ce lokaci ne ya ƙure, na Baba suna nan zai aiko da oda ta gaba, kuma wannan dabara ce sananniya, a gefen da fim ke fitowa na roba da aka yanke yana zama, muddin mai karɓa na ƙarfe ne. Kuma gaskiya ya faɗa, ana yin haka, na sani. Kullum da gaskiya yake lulluɓe ƙaryarsa. Na sa a kyamara, ya zauna, na juya mabuɗi, na ga kibiya ta wuce a jar taga, ɗigo-ɗigo suka wuce, lamba 1 ta tsaya. Me zan gani kuma? Fim ba a buɗe shi a haske a duba. Nauyinsa daidai, kaurinsa daidai, don ya cika shi da takardar nan. Ya san babu yadda za a yi in sani sai ranar wanki.

Ranar Sallah Gwaggo ta zo daga Marwa, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, kuma ba ta da ƙarfin tafiya sosai yanzu, da ƙyar aka kawo ta. Da ta ga kyamarar a hannuna sai ta rufe baki da mayafi ta ce, "Wannan ai ta Yaya ce." Na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, na zaunar da ita da Inna kafaɗa da kafaɗa. Inna ta gyara ɗankwali, ta ɗora hannu biyu a gwiwa, ta ɗauke numfashi kamar yadda ake yi a da, ba ta ƙifta ido ba har na danna. Ni da bakina na ce wa ƙannena su ajiye waya, yau da kyamarar Baba za a ɗauka. Ni na ce. Kwarkwaron ƙarfe biyu suka rage mini, don haka fim biyu na ɗauka, hoto 16. Inna da Gwaggo, jikoki a jere, ragon layya, Inna ita kaɗai a ƙofar ɗakin Baba. Sau 16 ina danna kyamara a kan baƙar takarda, ina juya mabuɗi a hankali kada in wuce lamba. Gwaggo ta koma Marwa washegari.

A daren Larabar daga ɗakin Baffa na kira shi. Ta yi ringin sau biyu aka kashe. Na tura hoton takardar ta WhatsApp, ya buɗe, na ga alamar ya gani. Bayan minti goma hotonsa ya ɓace. Shafinsa na Facebook da safe ya koma wani suna, hotunan kyamarorin suna nan, waɗancan dai, Rolleiflex ɗin da ke kan jan ƙyalle da tulin kwarkwaron ƙarfe a faranti. Na tsaya ina ƙirga kwarkwaron da ke farantin nan ina tunanin na mutum nawa ne. Sunan da ya fito lokacin da na tura kuɗi daban, sunan da ke takardar ajans daban, sunan shafi daban. Suna uku. Na farko na lura da shi tun ranar, na tambaya, ya ce layin matarsa ne. Wa bai taɓa karɓar kuɗi ta layin matarsa ko na ƙanensa ba a ƙasar nan? Na kai ƙara komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ranar Alhamis, sun ɗauki bayani, na ba su lambobin duka.

Jiya wani bawan Allah daga Kusuri ya yi mini magana, shi fim ɗin 127 ya nema, mai faɗin milimita 46, na wata ƙaramar Yashica, wanda ake yankowa daga 120. Hanya ɗaya: na gwaji mai kyau, sannan oda babba, sannan duwan. Da na tura masa saƙon muryar ya ce muryar ce. Ke nan ba ni kaɗai ba ne, kuma mutumin yana bin mutane har Kusuri, bakin Njamena.

Zan saka hotunan hirarmu a ƙasa da zarar na rufe lambobin mutane, da saƙonnin tura kuɗi huɗu, da takardar ajans, da bidiyon da Baffa yake warware fim na bakwai. Saƙon muryar ma zan saka, ku ji da kunnenku yadda yake magana, sannan ku ce mini ku da ba za ku yarda ba.

Kada ku tura wa kowa kwarkwaronku na ƙarfe. Ku sayi 120 a rufe cikin kwalinsa ku naɗa da kanku. Idan dole sai kun sayi naɗaɗɗe, ku buɗe ɗaya daga cikin odar a duhu ku taɓa, fim santsi gare shi da tauri, ba ya yaguwa kamar takarda. Na gwaji ba shaida ba ne.

110,000, da kwarkwaron Baba uku. Ɗazu da na kai wa Inna kunu ta sake tambayata ko Baffa ya gama wanke hoton, wai tana so a aika wa Gwaggo nata da mai zuwa Marwa ranar Juma'a. Na ce mata maganin wanki ne ya ƙare.