Fanshon LGPS a Ingila: abin da yake ba ma'auratan da ba su da rajista

LGPS shi ne tsarin fanshon ma'aikatan ƙananan hukumomi a Ingila da Wales, kuma tun 1 ga Afrilu 2008 yake biyan fanshon takaba ga wanda ke zaune da ma'aikaci ba tare da auren da doka ta sani ba. Wannan ya shafi Musulmi kai tsaye. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a gida cikin Ingila, ba a bi da rajista ba, sau da yawa doka ba ta ɗaukarsa aure. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a 2020. Matar da ta haifi 'ya'ya huɗu a irin wannan gida, ta wannan ƙofa kaɗai za ta samu fansho.

Abin yabo shi ne an daina dogaro da fom. A da sai ma'aikaci ya rubuta sunan abokin zamansa kafin ya rasu. Denise Brewster, daga Ireland ta Arewa, ta zauna da Lenny McMullan, ma'aikaci mai irin wannan fansho a can, kimanin shekara 10, ya rasu a Disamba 2009, aka hana ta fansho saboda babu fom ɗin. A Fabrairu 2017 Kotun Ƙoli ta ce sharaɗin ya saɓa wa doka, sauran tsare-tsaren gwamnati suka bi sahu.

Kuɗin ba shi da yawa, amma har ƙarshen rayuwa ne, kuma yana ƙaruwa gwargwadon tsadar kaya. Ma'aikaci yana tara kashi 1 cikin 49 na albashinsa kowace shekara, mai takaba kuma rabonsa kashi 1 cikin 160 ne. A albashin fam 32,000, shekara guda tana ba ma'aikaci kusan fam 653, mai takaba fam 200. Idan ajali ya same shi a bakin aiki, ana ƙara shekarun da suka rage masa zuwa ritaya a lissafin.

Inda gizo ke saƙa shi ne sharuɗɗa. Dole a cika shekara 2 a jere kafin rasuwa ana zaune tare kamar miji da mata, ɗaya na dogara da ɗaya ko ana haɗa hannu wajen ɗawainiya, kuma babu abin da zai hana su aure a doka. Wannan na ƙarshen shi ya fi kayar da mutane. Namijin da ke da uwargida a Kano ko Damagaram, da auren da doka ta amince da shi, amaryarsa ta Ingila ba ta cika sharaɗin ba. Haka macen da aka saka da baki amma kotu ba ta raba auren ba tukuna.

Hujja kuma a wuyan mai takaba take, tana cikin jimami. Ofishin asusun fanshon zai nemi takardar haya ko ta bashin gida, takardar harajin ƙaramar hukuma, bil ɗin wuta da gas, da bayanan banki masu nuna adireshi ɗaya tsawon shekara biyun. Gidan da komai ke da sunan miji kaɗai zai sha wuya a nan, kuma wannan rauni ne na gaske a tsarin.

Akwai kuma kuɗin rasuwa na dunƙule, ninki 3 na albashin shekara idan ma'aikaci ya rasu a bakin aiki, wato fam 96,000 a misalin sama. Shi fom ɗinsa daban ne, na bayyana wanda ake so a ba. Asusun ke da ta cewa ta ƙarshe, amma yakan bi abin da aka rubuta. A cike fom ɗin, a sabunta shi duk lokacin da iyali ya canza, a kuma sa sunaye biyu a takardun gida tun yanzu. Wanda zai iya, ya je ofishin rajista ya yi wa aurensa takarda, domin matar aure ba a tambayarta shekara biyu ko bil ɗin gas.