Gastoniya 1929 ko Yajin Aikin 1934: Wanne Za Ka Ɗauka?

Ɗalibai sun sha tambayata: cikin yaje-yajen aikin masaƙun jihohin kudancin ƙasar Amurka, wanne ya fi dacewa da bincike?

Na garin Gastoniya a 1929 ya fi sauƙin kamawa, don masaƙa ɗaya ce, Loray. Kamfani ya kori masu yaji daga gidajensa, suka koma tantuna. Aka harbe Ella May Wiggins, wata ma'aikaciyar masaƙa 'yar ƙungiyar ƙwadago, ta bar 'ya'ya biyar. Wannan kisan har yau yana ci mini rai.

Na 1934 kuwa kogi ne: ma'aikata kusan 400,000 a kudu da arewacin ƙasar, mako uku, an kashe bakwai a garin Honea Path. Zai ci maka lokaci da kuɗi.

Mai bibiyar rayuwar iyalai ya ɗauki Gastoniya. Mai nazarin ƙungiyoyin ƙwadago, ga 1934 nan.