Samarin rawa da alkafura da muka ɗauko bikin yaye ɗalibai a Argungu: inda suka burge da inda suka gaza

Duk mai makaranta ko mai hidimar biki a Argungu ko Birnin Kebbi da yake tunanin ɗauko samarin nan masu rawa da alkafura, shawarata ita ce ya ɗauko su, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Amma ya zauna da su ya gindaya sharuɗɗa tun kafin ya miƙa kafin alƙalami. Ni ce kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu ya ɗora wa hidimar nishaɗi a bikin yaye ɗalibai na bana, don haka tun daga ciniki har kwashe kaya a gabana aka yi komai. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, saboda akwai gyara cikin abin da zan faɗa, kuma yaran halak ɗinsu suke nema.

Aikinsu iri biyu ne. Ko dai su zo su yi wasansu a yi musu liƙi su tafi, kamar yadda aka saba, ko kuma su riƙa zuwa makonni kafin biki suna koyar da yaran gida, ranar taro a fito fili tare. Na biyun muka zaɓa. Ya fi tsada, amma bai wuce abin da muke kashewa wajen hayar rumfuna da kujeru da mai kiɗan na'ura ba.

Abin da ya sa na nace a kan na biyun shi ne wasu hotunan bidiyo da ƙanena ya turo mini ta WhatsApp. Ma'aikacin jinya ne a Cardiff, babban birnin Wales, ɗaya daga cikin yankuna huɗu na Birtaniya, kuma 'yarsa ta shiga wani wasan unguwa da aka yi a can. Ƙwararru kaɗan ne a ciki, masu lilo a kan igiya da masu tafiya a kan dogayen sanduna. Sauran duk mutanen gari ne, yara da iyaye da tsofaffi masu furfura, kuma labarin da suka nuna na kakanninsu ne masu haƙar gawayi da fasa dutse. A birnin nasu akwai wata ƙungiyar masu irin wannan wasa mai suna NoFit State da aka kafa a 1986, wadda ban da yawon wasa a ƙasashe take koyar da yara da manya na gari. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bidiyon shi ne wata rawa tasu ta gargajiya da ake yi da takalmi mai ƙasan katako. Mai rawar yana buga diddige da yatsu a ƙasa suna ba da amo kamar kiɗa, ya tsallake sandar tsintsiya yana riƙe da ita a hannu biyu, sannan ya yi tsalle ya kashe wutar kyandir da ƙafafunsa. 'Yan ƙwadagon gona da masu fasa dutse ne suke yin ta a da, suna gwada juna waye ya fi.

Da na nuna wa shugaban samarin, wanda tsohon malamin motsa jiki ne, ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce, “Hajiya, wanga ai muna da irinai. Ɗinka shi wuri guda ne ba mu taɓa yi ba.” To, sun ɗinka, kuma mafi yawan ɗinkin ya yi kyau.

Da kamun kifi suka buɗe, kuma a Argungu babu abin da ya fi wannan dacewa. Suka shimfiɗa dogon shuɗin yadi, yara ƙanana suka riƙe gefe da gefe suna kaɗawa, ya zama Matan Fada, kogin da ake gasar kamun kifi a cikinsa. Manyan ɗalibai maza suka jeru a baki, kowa da gora da homa biyu, suna jiran alama kamar yadda masunta suke jira ranar gasa. Da aka buga ganga suka ruga, kowa ya kife cikinsa a kan gorarsa yana tafiya da ita a ƙasa, homa a buɗe dama da hagu. Ɗaya daga cikin samarin ƙungiyar, sanye da farin yadi mai ƙyalli, shi ne giwan ruwa. Yana fitowa daga ƙarƙashin shuɗin ya yi alkafura ta baya ya nutse ta wani gefen, masunta na kai masa homa yana sullewa. Iyaye maza da yawa a wurin sun shiga ruwan nan da kansu, wasu har yanzu suna shiga. Na ga wani dattijo a sahun gaba yana gyara wa jikansa riƙon homa daga inda yake zaune, yana ɗaga gwiwar hannu yana nuna masa. Samarin ba su yi wa wannan ɓangare ha'inci ba. Sun je sun tambayi masunta yadda ake kwanciya a kan gora da yadda ake haɗe bakin homa idan kifi ya shiga, kuma kayan da suka zo da su na aiki ne, goruna har da ɗinki a inda suka taɓa tsagewa.

Amma gwanin ranar ba saurayi ba ne. Sun zo da wani tsoho ɗan hoto, wato mai wasa da galma, daga wani ƙauye ta wajen Augie, siriri, gemu fari fat, da galmarsa wadda ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu. Ya tsaya tsakiyar fili, makaɗi ya matso kusa da shi da kiɗan noma. Ya fara juya galmar a hannu ɗaya a hankali, yana taka rawa ƙasa-ƙasa, kamar ba abin da zai yi. Can sai ya wulla ta sama, ta wuce tsayin rumfa tana juyi, ruwanta na walƙiya a rana. Mata suka saki salati. Shi ko kallon sama bai yi ba, taku biyu ya yi ya miƙa hannu ƙotar ta faɗo cikin tafinsa, daidai kan bugun ganga. Ya sake, wannan karon ya tare ta da kafaɗa ya bar ta ta gangaro bisa hannu. Ina kusa da shi lokacin da ya fito, numfashinsa ko sauyawa bai yi ba, sai zufa a goshi. Na ce, “Baba, sannu da aiki. Akwai wanda kake koya wa?” Ya ce, “Ɗiyata, yaran yanzu tsoron galma su kai. Guda ɗai na samu, shi ma ya tai Legas acaɓa.”

Wannan amsa ta dame ni, kuma ita ce babban dalilin da nake ganin aikin samarin nan ya wuce nishaɗi. Mutanen Wales sun kusa rasa raye-rayensu gaba ɗaya. A ƙarni na 18 da na 19, lokacin da wa'azin ɗariƙar Metodis ya yi ƙarfi a can, aka ɗauki rawa a matsayin shashanci, akasarin raye-rayen suka mutu. Ta takalmin katakon ce ta tsira ba ta yanke ba. Da suka dawo neman sauran, har suka kafa ƙungiyar raya rawar gargajiya a 1949, sai da suka bi tsofaffin takardu da abin da ya rage a kan tsofaffi. Raye-rayen wani ƙauye mai suna Nantgarw daga bakin mace ɗaya aka samo su, Margretta Thomas, wadda aka haifa a 1880. Ta gan su tana yarinya, ta tuna su da tsufanta, 'yarta ta rubuta. Mu namu masu sanin suna nan da ransu, suna iya tsayawa a fili su nuna da jikinsu, kuma samarin nan ne kaɗai na gani sun je har ƙauye sun ɗauko ɗaya sun biya shi.

Na san wasu iyaye sun ɗaga gira da suka ji kalmar rawa, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma uwa ce. Mun zauna da malaman addini na makarantar tun farko. Aka amince babu cakuɗa maza da mata, babu tsafi ko wani abu mai kama da bori, babu wasan wuƙa irin na 'yan tauri a gaban yara. Shugaban bai yi musu ba ko kaɗan, kuma ya cika alkawari. Abin da ya rage bayan an tace ya isa ya cika yamma guda har ya yi saura.

Yanzu ga inda suka gaza. Na farko, kuma shi ya fi ɓata mini rai, shi ne rashin kula da lafiyar yara. Sun shirya wani ɓangare da yara suke hawa kafaɗun juna hawa uku, a matsayin ganuwar Surame, tsohon birnin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi. Tunanin yana da kyau, ganin ma yana da kyau. Amma a kan busasshiyar ƙasar filin makaranta suka so yi, babu katifa, babu mai tsayawa a baya ya tare. A wajen gwaji wani yaro ɗan aji biyar ya zamo daga hawa na biyu ya gurɗe a hannu. Allah ya taƙaita ba karaya ba ce, amma da daurin hannu ya yi kallon bikin da ya yi ta ɗoki. Sai da na kafe cewa ko a kawo katifu ko a cire ɓangaren, sannan aka aro na ɗakin kwanan wata makaranta. Su da suka saba faɗuwa tun suna ƙanana ba sa ganin abin a bakin komai, amma ɗan mutane amana ne.

Na biyu tarihi ne. A wasan nasu Kanta ne da kansa ya tarbi Sarkin Musulmi a bakin ruwa aka yi sulhu. Wannan ba daidai ba ne, kuma a garin da gidan tarihin Kanta yake bai kamata a yi shi ba. Muhammadu Kanta a farkon ƙarni na 16 ya yi zamaninsa. Ziyarar da ta haifar da bikin kamun kifi yadda muka san shi a 1934 aka yi ta, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Shekara kusan 400 ke tsakani. Bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016 ya cancanci a faɗi asalinsa daidai, musamman a gaban ɗalibai, waɗanda abin da suka gani da ido ya fi zauna musu a kan abin da aka rubuta a allo. Tafiyar minti kaɗan ce a keke daga inda suke gwaji zuwa gidan tarihin.

Sai 'yan mata, waɗanda aka ba su minti kaɗan can wajen ƙarshe, rana ta yi sanyi, wasu baƙi sun fara tashi. Alhali abin da suka yi ya kai a sa shi a tsakiya. Turmi ɗaya, 'yan mata uku, suna lugude. Kowace ta wulla taɓarya sama ta tafa hannu, wata har sau biyu, ta cafe ta buga a kan kari ba tare da taɓaryu sun yi karo ba, sauran na kewaye da su suna waƙar gaɗa. Kakar ɗaya daga cikinsu ce ta koya musu, ba samarin ba, domin ƙungiyar ba ta da mace ko ɗaya mai koyarwa. Wannan giɓi ne babba ga masu son aiki da makarantu.

Akwai kuma wani ɗan tsakure da suka cusa na rawar TikTok da kiɗan lasifika, wai don matasa. Bai ɗauki kowa ba, kuma janareta ta ɗauke ana tsakiyarsa. Kalangu da ganga ba su nemi fetur ba duk yammar. Mai gabatarwarsu ma ya riƙa jefa Turanci ba gaira ba dalili a gaban taron da kowa Hausa yake ji. A babban bikin al'adu na Wales, Eisteddfod, wanda ake yi kowane watan Agusta, da harshensu kaɗai ake gasa, duk da cewa ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen 538,300 ne, ba su kai mutum ɗaya cikin biyar na yankin ba. Na faɗa wa shugaban wannan, ya ce zai yi wa yaron magana.

Ta fuskar mu'amala ba ni da ƙorafi mai yawa. Wajen gwaji suna makara, amma ranar biki sun riga masu rumfa isowa. Ba su ƙara ko sisi a kan abin da aka yi ciniki ba, kuɗin keken da ya ɗauko kaya da abincin rana ne kawai a kanmu, kuma an faɗe su tun farko. Ba su daka wa yaro tsawa a gabana ba, har wani ɗalibi mai in'ina da ba ya shiga komai suka ba shi ganga, ya riƙe ta da kyau. Liƙin da aka yi wa tsohon a hannunsa suka bar masa, na tabbatar da ido na.

Kwamiti ya amince mu sake ɗauko su baɗi, da sharuɗɗa a rubuce: katifu da masu tarewa tun ranar gwajin farko, malamin tarihinmu ya duba labarin kafin a fara koyarwa, a nemo mace da za ta kula da ɓangaren 'yan mata kuma a sa shi a tsakiyar shiri. Mun kuma roƙi a dawo da tsohon, ba ranar biki kaɗai ba, ya riƙa zuwa gwaji. Ɗalibai biyu na babban aji sun ce suna so su koya, iyayensu sun yarda, kuma wani maƙeri a kasuwa ya ce zai ƙera musu ƙananan galmuna marasa kaifi da za su fara da su.