Sharhin "In the Border States", fim marar magana na 1910

Fim ne gajere, faifai ɗaya tak, wanda kamfanin Biograph ya fitar a watan Yunin 1910. D. W. Griffith ne ya ba da umarni, Billy Bitzer kuma ya riƙe kyamara. Labarin ya faru ne a lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, a jihohin kan iyaka irin su Kentaki da Misuri, inda ake samun maƙwabta biyu kowa da ɓangarensa.

Wani magidanci ne ya shiga rundunar Arewa, ya bar mata da 'ya'ya. Ana nan sai ƙaramar 'yarsa, wadda Gladys Egan ta fito a matsayinta, ta ci karo da sojan Kudu da ake farauta. Ta rufa masa asiri. Da ya nemi ya sumbace ta don godiya, sai ta noƙe, wai ita ba ta yi da abokin gāba. Daga baya uban ya dawo gida da rauni, sojojin Kudu na biye da shi, kuma wanda ya banko ƙofar ɗakin shi ne mutumin da yarinyar ta ceta. Henry Walthall ne ya fito a matsayin sojan, kuma a fuskarsa kaɗai za ka ga lokacin da ya gane ta. Nan fim ɗin ya fi ƙarfi: Griffith yana yanka hoto tsakanin ɗaki biyu masu haɗe da juna, har ka ji numfashinka ya tsaya.

Sai dai a kula da kwafin da za a kalla. Da hannu ake juya kyamarar wancan zamani, wajen hoto 16 a daƙiƙa. Faifai ɗaya kusan ƙafa 1,000 ne, kowace ƙafa na ɗauke da hoto 16, wato kimanin minti 17 ke nan. Idan aka kunna shi a kan hoto 24 a daƙiƙa, sai ya ƙare a minti 11, sojoji su riƙa tsalle kamar fara, abin tausayi ya koma abin dariya. Don haka fara duba tsawon bidiyon. In ya gaza minti 14, rage gudunsa zuwa 0.7 a manhaja irin VLC, ka kashe kiɗan, domin shi ma zai ja. Wasu kwafin kuma sun yi fari fat, fuskoki sun wanke, saboda an yi ta kwafa daga kwafi. Wasu an datse musu gefe don su cika allon zamani. Nemi mai siffa kusan murabba'i.

Rubutun da ke fitowa tsakanin fage da fage Turanci ne, amma kaɗan ne, ko babu shi za a fahimta.

Inda ya gaza a ganina: daga farko har ƙarshe ba a ko ambaci bayi ba, alhali a kan bauta aka yi yaƙin. Sulhu ne tsakanin farare kawai. Ba abin mamaki ba ne, mahaifin Griffith kanar ne a rundunar Kudu, kuma shekara biyar bayan wannan ya fitar da "The Birth of a Nation", wanda ya wanke Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙyamar baƙaƙen fata.