Injin iska mai caji na tankin kifi, ya yi aikinshi amma ba shi ne maganin kowane haki ba

Injin iskan nan mai caji da ake sa wa tankin kifi na gilashi, na yi amfani da shi tun shigowar bazara har ruwa ya sauka, to yanzu kam ina da bakin magana a kanshi. In kana Sakkwato kana ajiye kifin ado cikin ɗaki kuma ba ka da sola, saye shi kawai. Amma maganar da mai shago yay yi min wai "Alhaji da ka jona wanga kifinka ya bar haki har abada", wannan zancen kasuwa ne.

Tankina lita 80 ne, golfish ne ciki da 'yan moli. Dama akwai filta da ƙaramin injin iska mai aiki da wuta zalla, matsalar da zarar anka ɗauke wuta duk su tsaya lokaci guda ruwa ya kwanta lumui, kuma kun san Afrilu da Mayu a garin nan, zafi ya haura 40 da rana, ɗaki mai rufin kwano har tsakar dare bai huce ba. Ma'aunin zafin da ke cikin tankin yakan wuce 30 da la'asar. Sai ka ga kifaye sun taso sun jera a saman ruwa baki buɗe suna ta haɗiyar iska, murfin kunnensu na bugawa da sauri da sauri, abinci ma ba su kallo. Ya fi muni da asuba, lokacin da mutum zai fita masallaci.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ruwa in ya yi zafi ba ya riƙe oksijin sosai, a zafi 20 lita ɗaya na ɗaukar kusan miligiram 9, in ya kai 30 sai ya dawo wajen 7.5, shi kuma kifi jikinshi zafin ruwa yake bi, ruwa na ɗumi shina ƙara buƙatar iska, ga shi iskar ta ragu. Golfish kuma asalinshi kifin ruwa mai sanyi ne, mu ne munka kawo shi inda ba nashi ba. Batun asuba kuwa, ganyen cikin tanki da gansakuka da rana suna ba da oksijin, da dare su ma sha suke yi, sai su kwana suna rabon ɗan abin da ya rage da kifin.

Shi injin ɗan ƙarami ne, baki biyu gare shi na tiyo, batir na ciki. Kana barin shi a jone, in an ɗauke wuta da kanshi yake komawa kan batir ba sai ka tashi ba, kuma wallahi wannan kaɗai ya biya kuɗinshi don ni ba kullum nake gida ba. Akwai maɓallin da ke sa ya riƙa yi yana tsayawa, ya hura na 'yan daƙiƙu ya huta ya sake, a haka yana kai ni safiya lafiya lau. In ka bar shi yana yi babu tsayawa da cikakken ƙarfi to awannin da anka rubuta jikin kwali kar ka sa su a lissafi, bai kai ba. Tun da nas sa shi dai layin asuban nan ya ƙare a tankina, ko a kwanakin da wuta ta yi nisa.

Wani abu da mutane ke ɗauka, wai kumfar nan kifi ke shaƙa. Mafi yawan iskar daga saman ruwa take shiga, aikin kumfa ta motsa saman ta kuma juyo ruwan ƙasa sama. Don haka kar ka danne dutsen kumfar, wato ɗan dutsen bakin tiyo mai fitar da kumfa, cikin lungu bayan ado, kuma murfin tanki a ɗan buɗa shi. Ni har fanka mai caji nake juyawa saman ruwan da rana, tana sauke zafin kaɗan, sai dai ruwa na saurin raguwa.

Abubuwan da ba su yi min ba. Ƙara gare shi, in ka aje kan tebur na katako gurnani yake har cikin kai, sai da nas sa mishi soso a ƙasa. Tiyon da ke cikin kwalin gajere ne kuma busasshe. Dutsen kumfar bai daɗe ba ya toshe, ruwan burtsatsen unguwarmu mai barin farin abu ne jikin buta, shi ya cike ramukan, na sayo wani. Babba kuma, ba su sa ɗan bawul ɗin nan mai hana ruwa dawowa ta tiyo ba, kuma in injin na ƙasa da tanki ranar da batir yam mutu ruwa na iya biyo tiyo ya shige cikinshi ya zube ƙasa. Ko ka sayi bawul ɗin, arha ne, ko ka ɗora injin sama da tanki. Akwai ɗan auduga a gindinshi inda yake jan iska, da ƙurar garin nan sai kana dubawa, ban san ya zai yi da hunturu ba tukun.

To yanzu inda nac ce zancen kasuwa ne. Ƙanena a Mabera ya ga nawa ya je ya sayi irinshi sak, sabon tanki, ya zuba kifi da yawa rana guda, yara na ta watsa abinci. Kumfa na tashi kamar tukunya na tafasa amma kifi na sama suna haki. Ya kira ni "Yaya injin nan jabu anka ba ni". Wani abokinmu da ya karanta fannin kifi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yaz zo da 'yan kwalaben gwajin ruwa, ya ɗiga, ruwan ya rine. Amoniya da naitirait ne sunka taru. Kashin kifi da ragowar abinci ke zama amoniya, ita kuma ƙona kunnen kifi take, kuma ta fi dafi in ruwa ya yi zafi. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama cikin soson filta su ke juya ta naitirait sannan su juya shi abin da ba ya cutarwa sosai, amma a sabon tanki sai an yi wata ɗaya ko fi kafin su kafu. Naitirait ɗin shi jini yake shiga ya hana shi ɗaukar oksijin, har kunnen kifin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa maimakon ja. Ka ga ko inji goma ka jona iskar na nan, kifin ne bai iya amfani da ita. Abin da ya cece su canjin ruwa ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kullum, a rage abinci, a rage kifi, da ɗan gishiri kaɗan da abokin ya auna musu. Ya kuma hana su wanke soson filta da ruwan famfo, a wanke da ruwan da anka kwaso daga tankin.

Ruwan famfo ma kanshi, in da kulorin ciki, yana sa haki nan take bayan canjin ruwa, sai a sa maganin kashe kulorin ko a bar shi ya kwana a buɗe da kumfa. Ruwan burtsatse kuma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma a hura mishi kafin a zuba. In kuma kifi ɗaya ne ke haki sauran lafiya, shina goga jiki ga dutse ko ga fararen ɗigo-ɗigo jikinshi, wannan cuta ce ta kama kunnen, magani take so.

Akwai ma waɗanda tasowa sama ɗabi'arsu ce. Kifayen ado irin su beta da gurami suna shaƙar iska kai tsaye, haka tarwada, shi ya sa wurin masunta a Kwalkwalawa za ka ga tarwada na motsi cikin baho da ɗan ruwa kaɗan karfasa kuwa tuni ta mutu. Mai beta guda cikin tanki ba lallai ya kashe kuɗinshi ga wanga inji ba.

Mai golfish kam dole. Kuɗin injin sun fi na mai wuta zalla nesa, kuma in za ka saya ka sa mai shago ya jona shi gabanka ya zare filogi ka ga ya ci gaba da hurawa, don akwai waɗanda sunka daɗe a shago batirinsu ya riga ya mutu cikin kwali. Ka karɓo tiyo mai tsawo da dutse na biyu tun a nan.