Ƙaramar firintar rasit a shagon kargo: sharhina bayan amfani da ita

Firintar da nake magana a kai irin ƙananan nan ce masu ƙona rubutu a kan takardar nadi mai faɗin milimita 80, ba ta shan tawada. Kawuna ya saye ta don shagonsa na aika kaya Kano da ke wajen Bab Sharif a Jidda, inda alhazai da 'yan umara ke kawo jakunkuna a auna. Kwamfutar shagon tsohuwa ce mai Linux, kuma kusan komai ta baƙin allon umarni nake yinsa: in rubuta sunan mai kaya da nauyi da inda za a kai, in tura wa firinta. Hukuncina a taƙaice shi ne, in tsuran rubutu za ka ba ta, ta fi kuɗinta. In kuwa ka kawo mata ƙ da ɗ ko Larabci, akwai sauran aiki a gabanka.

Haɗa ta bai ba ni wahala ba. Ina soka kebul ɗin USB sai ta bayyana a matsayin /dev/usb/lp0, na rubuta echo gwaji > /dev/usb/lp0, takarda ta fito nan take. Wanda kwamfuta ta ce masa ba shi da izini, ya sa sunansa cikin rukunin lp, wato na masu izinin amfani da firinta, ya fita ya sake shiga. Abin da ya sa take karɓar rubutu haka kai tsaye shi ne tana jin ESC/POS, yaren umarni da kamfanin Epson ya ƙirƙiro wanda yawancin firintocin rasit ke kwaikwaya. Wannan shi ne abu na farko da zan ce mai saye ya duba a jikin kwali. Akwai firintoci masu arha da ba su san harafi ba sam, hoto kawai suke karɓa daga direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta. Irin waɗannan ka tura musu rubutu sai fitila ta yi ta ƙyaftawa, takarda ba ta motsa ba.

Matsalar da ta fara fitowa ita ce ɓacewar layin ƙarshe, wato daidai inda jimillar kuɗi take. Kawu ya miƙo mini takardar ya ce, "Ɗana, wannan na'urar taka ba ta son a biya mu ne?" Dalilan biyu ne. Firintar tana riƙe rubutu a cikinta har sai ta ga alamar sabon layi, don haka fayil ɗin da bai ƙare da ita ba, layinsa na ƙarshe yana nan maƙale sai aiki na gaba ya turo shi. Na biyu, wuƙar yanka tana sama da inda ake buga rubutun, dole a ƙara layuka huɗu ko biyar babu komai kafin a yanke. Umarnin yankan shi ne GS V, ana tura shi da umarnin printf. Takardar bayanin da ta zo cikin kwalin ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma wannan kasawa ce.

Faɗin layi harafi 48 ne, abin da ya wuce haka sai ta karya kalma a tsakiya. Umarnin fold -s -w 48 ya raba wannan gardamar.

Inda ta fi ba ni ciwon kai shi ne sunaye. Kwamfuta tana ajiye rubutu da tsarin UTF-8, inda Ɗ ke cin bayit biyu (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta). Firintar kuwa da teburin haruffa mai lamba 437 take tashi, wanda ya samo asali daga kwamfutar IBM ta 1981, ko wane bayit harafi guda ne a wurinta. Sai ka ga Ɗanladi ya fito ╞èanladi, Ƙofar Mata ta koma ╞ÿofar Mata. Yaron da zai karɓi kayan a Kano ya kira yana tambaya ko sunan wani Bature ne. Babu wani tebur a cikinta da ke da haruffanmu masu lanƙwasa, don haka sai na sa umarnin sed ya mayar da su k, d, b kafin bugawa. Ba haka na so ba, amma takardar jaka karantuwa ake nema. Larabci kuma yana da nasa tebur, 864, sai dai firintar ba ta san a fara daga dama ba, ba ta kuma haɗa haruffa. Suna fitowa a warwatse, a juye. Mafitar da ta yi mini aiki ita ce manhajar paps, wadda ke tsara rubutun yadda ya kamata, tsarin bugu na CUPS kuma ya mayar da shi hoto ya tura ta hanyar direba. Yana ɗan jinkiri, amma da Larabcin da ƙ ɗin duk suna fitowa daidai.

Tun da na ambaci CUPS, shi ne mai kula da layin jiran bugu, kuma tun 1999 yake wannan aikin. Duk ranar da na tura aiki shiru, umarnin lpstat -p, mai nuna halin da firinta ke ciki, nake fara dubawa. Sau da yawa kebul ne ya motsa, layin ya tsaya. Sai cancel -a a share abin da ya taru, cupsenable a tayar da shi. Wanda ya manta sharewar zai ga rasit ɗin jiya da na shekaranjiya suna ta kwarara ƙasa.

Abu ɗaya da na yaba mata shi ne ba ta yi mini irin abin da babbar firintar A4 ta shagon ke yi, inda layuka ke gangarowa kamar matakalar bene, ko wane layi ya fara daga inda na sama ya tsaya. Waccan tana jiran alamomi biyu a ƙarshen layi irin na Windows, Linux kuma guda yake bayarwa, sai an bi da fayil ta umarnin unix2dos.

Takardarta ba ta jure zafin Jidda. Nadin da aka bari cikin mota da rana ya kan yi baƙi, rubutun da aka manna wa salatif kuma ya kan goge kafin jaka ta isa Kano, shi ya sa muke ƙara rubuta lambar kaya da alƙalamin maka a jikin buhu. Rasit na haraji kuma ban ɗora mata ta wannan hanyar ba. Tun 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya ke buƙatar rasit na lantarki mai lambar QR, wannan aikin manhajar lissafin shagon ne. Ga takardar awo da lambar jaka dai, da za ta lalace gobe, irinta zan sa Kawu ya sake saya.