Darasin murya kan juyin mulkin Kapp: ya yi, amma da saura

Masu tura karatu a waya da ke wajen Terminus a Jos suna da wasu darussan tarihin Turai da Hausa, ana zuba wa mutum a memori. Kashin da ya yi magana kan juyin mulkin Kapp na 1920, wato yunƙurin ɗan siyasa Wolfgang Kapp da wasu sojoji na kifar da gwamnatin Jamus, ya ci kuɗinsa, sai dai akwai gyara.

Malamin ya kama tushen rigimar daidai. Yarjejeniyar Versailles ta ce a rage sojan Jamus zuwa 100,000, gwamnati ta ba da umarnin rushe wata runduna da ake kira rundunar Ehrhardt, Janar Lüttwitz, kwamandan sojojin Berlin, ya ce bai yarda ba. Ranar 13 ga Maris rundunar ta shiga Berlin babu wanda ya tare ta, domin hafsoshi irin su Seeckt sun ƙi sa soja ya harbi soja. Shugaba Ebert da ministocinsa suka gudu Dresden, daga can sai Stuttgart. Bayanin yajin aikin gama-gari da ma'aikata suka yi don adawa da juyin mulkin ma ya fito sarai: ruwan famfo ya ɗauke, wuta ta ɗauke, jiragen ƙasa suka tsaya cak.

Inda ya bar giɓi shi ne maganar ofis da kuɗi. Kapp ya zauna a fadar gwamnati, amma manyan sakatarorin ma'aikatu suka ƙi karɓar umarninsa, babban bankin ƙasar, Reichsbank, kuma ya ƙi sakin kuɗin biyan sojoji tunda babu sa hannun halattacciyar hukuma. Ga bindiga a hannu, ga aljihu wayam. Wannan ne ya haɗu da yajin aikin har Kapp ya sauka ranar 17 ga Maris ya tsere Sweden. Ɗalibin da ya rubuta yajin aiki kaɗai a jarrabawa, rabin amsa ya bayar.

Sau biyu kuma malamin ya cakuɗa wannan da yunƙurin Hitler na Munich a Nuwamba 1923. Can babu yajin aiki: shugabannin jihar Bavaria uku da Hitler ya tsare, Kahr da Lossow da Seisser, su ne suka juya masa baya bayan abokin tafiyarsa Janar Ludendorff ya sake su, washegari 'yan sanda suka tarwatsa jerin gwanon magoya bayan Hitler da harbi.

Sautin ya yi ƙasa, sai da abin sa wa a kunne ake jin sunayen Jamusawan sosai. Fayilolin ba su da lamba, wayar kan fara daga tsakiyar labari. Kafin ka biya, ka ce wa mai shagon ya jera maka su da lamba, ya kunna na ƙarshe ka ji ko ya kai 17 ga Maris.